Wa Zai Karanta wa Mai Ƙaramin Jari Takardarsa?

A ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen noma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka sani da Anchor Borrowers. Tsarin ba mai wuyar fahimta ba ne idan an samu mai warware shi: a ba manomi iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki, a haɗa shi da kamfanin da zai sayi amfaninsa, in ya girbe ya biya da shanshera, da kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100 a shekara. Fadamar Rima ta ɗauki harama. A 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar Lake Rice, a 2017 aka buɗe masana'antar WACOT a Argungu, ga ta Labana a Birnin Kebbi. Daga baya biyan bashin ya zama abin ce-ce-ku-ce a ƙasa baki ɗaya. Wasu ambaliya ta cinye gonakinsu, musamman ta 2020. Wasu sun ɗauki rancen a matsayin rabonsu daga gwamnati. Wasu ma ba manoma ba ne. Amma akwai rukunin da ba a cika tunawa da su ba, wato waɗanda suka dangwala yatsa a kan takardar Turanci ba tare da wani ya zauna ya faɗa musu nawa aka ba su, nawa za su mayar, da abin da zai biyo baya in ruwa ya ci gona ba.

Wa ke karanta wa irin waɗannan mutane takarda? Mai shagon kafe, wanda kuɗin cike fom ne cinikinsa. Ɗan kamasho, wanda ladansa ke fitowa idan an sa hannu, ba idan an fasa ba. Shugaban ƙungiyar manoma, wanda shi ma an ba shi adadin mutanen da zai kawo. Ko kuma yaron gida da ya gama sakandare, ya iya haɗa baƙi amma bai san me sharaɗin jingina ke nufi ba. Ba duka ne macuta ba, yawancinsu neman halal suke. Sai dai kowannensu ko dai yana da rabo a cikin maganar ko kuma saninsa bai kai ba. Ra'ayina shi ne, wannan gurbi na mai karatu wanda ba shi da kamasho, laburaren jama'a ne ya fi dacewa ya cike shi, kuma a wuri irin Kebbi wannan aiki ya fi jera littattafai a kanta muhimmanci.

Gwadangaji da ke Birnin Kebbi ta dace da zama misali a wannan tattaunawa. A nan sakatariyar jiha take, inda ake rubuta sanarwar tallafi da sharuɗɗan shirye-shirye da takardun ma'aikatu. A kewayenta kuma ga manoman rani, ga teloli, ga masu gyaran babur da na waya, ga matan da ke turara shinkafa suna yin gumi, ga ƙananan ma'aikata da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata sai sun haɗa da kiwo ko shago. Tafiyar da ke tsakanin ofishin da ya buga sanarwa da mutumin da aka buga ta dominsa ba ta da yawa, amma sau da dama labarin sai ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya isa, kowane hannu kuma ya rage wani abu ko ya ƙara.

Ba baƙon abu ba ne a Arewa a ce ɗakin karatu ya zama wurin da talaka ke jin abin da ya shafe shi. Tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ɗakunan karatu a ƙarƙashin En'e a garuruwa da yawa, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, mutum ɗaya kan karanta ta jama'a su saurara. A 1953 hukumar UNESCO ta yi babban taro a Ibadan kan yadda za a kafa laburaren jama'a a Afirka, a 1964 aka yi dokar Laburaren Ƙasa, jihohi kuma suka riƙa kafa hukumominsu, har da Kebbi wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Abin da ya faru a hankali shi ne laburaren jama'a ya koma wurin da ɗalibi ke zuwa da littafinsa don neman shiru lokacin jarrabawa. Wannan ma amfani ne, ba na raina shi. Amma mai sana'a ya daina ganin wurin a matsayin nasa. Kuɗin asusun TETFund kuwa manyan makarantun gwamnati yake zuwa, don haka Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu suna da hanyar samun littattafai da kwamfutoci, alhali laburaren da kowa ke iya shiga ba tare da katin ɗalibi ba ya dogara ne da abin da kasafin jiha ya ware masa.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa ɗan kasuwa na cikin masu haƙƙi a laburare. A 1904 John Cotton Dana ya buɗe reshe na musamman don 'yan kasuwa a birnin Newark na Amurka. A 2006 Laburaren Birtaniya ya buɗe cibiyar kasuwanci a Landan, inda mai son fara sana'a ke duba bayanan kasuwa masu tsada kyauta, daga baya aka yaɗa ta zuwa wasu birane. Ba kwaikwayon Landan nake kira a yi ba. Mai gumi a Gwadangaji ba rahoton kasuwar duniya take nema ba. Abin ɗauka shi ne manufar: bayanin da mai babban jari ke biya a nemo masa, a samar wa mai ƙaramin jari shi a wurin da ba a karɓar kuɗin shiga.

Mu fara da rajista, tunda nan ne aka fi tatsar mutane. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ta intanet ake yin ta, kuma mai sana'a na iya yi da kansa. Kuɗin da hukumar ke karɓa a rubuce yake a shafinta. Haka rajista da SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 don ƙananan masana'antu. Mai son zuba yaji ko man gyaɗa ko garin kunu a leda ya kai manyan kantuna yana buƙatar lambar NAFDAC, ita ma sharuɗɗanta a bayyane suke. Wanda bai san wannan ba, duk abin da aka yanka masa shi zai biya, wani lokaci ma a miƙo masa takardar bogi. Ma'aikacin laburare ɗaya da aka horar, da kwamfuta da firinta, da allo a bango mai ɗauke da farashin hukuma da Hausa, ya isa ya kashe wannan kasuwa ta cuta. Ko mutum ya zaɓi ya ba wani ya yi masa, zai shiga ciniki yana sane da ainihin kuɗin.

Amma abin da ya fi rajista cin ƙananan sana'o'i shi ne rashin lissafi, kuma a nan nake ganin laburare zai fi yin tasiri. Ɗauki mai gumi. Ta sayi buhun shanshera, ta biya ɗan dako, ta sayi itace da ruwa, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta sayar mudu-mudu, wasu da kuɗi a hannu wasu bashi. A tsakani ta ɗebi na tuwon dare, ta cire kuɗin maganin yaro, ta zuba adashi. Ranar da za ta koma sayen wani buhu sai ta ga kuɗin bai kai ba, ta ce kasuwa ce ta lalace. Wataƙila kasuwar ce, wataƙila kuma uwar kuɗin ce aka riƙa ci ana zaton riba ce. Ba za a sani ba sai an rubuta. Littafi mai layi huɗu ya wadatar: abin da ya fita, abin da ya shigo, abin da ake bin mutane, abin da gida ya ci. Ba dole sai da boko ba. Da yawa daga cikin mata da mazan da takardun hukuma ke lissafa su cikin marasa karatu suna rubuta ajami da kyau, kuma ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya yi ta wallafa a Gwandu ba ƙasar da za a koya wa darajar alƙalami ba ce. Laburare zai iya buga irin wannan takardar lissafi da boko da ajami, ya riƙa zama da rukunin masu sana'a ɗaya sau ɗaya a mako har hannunsu ya faɗa. Mai irin wannan littafi na wata shida, in ta je neman rance a banki ko a ƙungiya, tana da abin nunawa. In kuma lissafin ya nuna rancen zai fi ƙarfinta, ta tsira tun kafin ta shiga.

Ga manomi kuwa, akwai bayanan da gwamnati ke kashe kuɗi ta tattara amma ba sa isa gare shi a kan lokaci. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina, da lokacin saukarta da na ɗaukewarta. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Wanda gonarsa ke fadamar da ruwan madatsun Goronyo da Bakolori ke bi ta kanta, wannan magana ce ta jarinsa gaba ɗaya. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana buga ƙasidun noma, hukumar KARDA ta jiha kuma tana da malaman gona. Ba sabon ilimi ake nema laburare ya ƙirƙiro ba. Ya tattaro wanda ke akwai, ya mayar da shi Hausar da ake ji a Kebbi, ya liƙa, ya kuma naɗa a murya don a tura ta WhatsApp.

Batun karatu ta intanet ya fi sauƙin bayani, don kowa ya ga alamarsa. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban kwamfuta da gaske. Kayan karatu kyauta kuwa sun yi yawa. Jami'ar NOUN ta karatu daga gida ta saki littattafan darussanta ga duk mai son saukewa. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport don 'yan firamare da sakandare. A ƙarshen 2023 aka fara shirin 3MTT na koyar da matasa fasahar zamani. Ga Khan Academy, ga darussan YouTube na ɗinki da gyaran sola da lissafin kasuwanci. Kyautar dai ta tsaya ne a kan darasin. Data da kuɗi ake saye, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Wutar lantarki ba ta da tabbas, zafin bazara a Birnin Kebbi kuma ba ya barin mutum ya natsu a ɗakin da ba fanka. Sannan ba a koyon sarrafa tebur ɗin lissafi ko rubuta manhaja a kan fuskar ƙaramar waya. Ɗaki mai sola da fanka da kwamfuta goma da intanet ɗaya da kowa zai raba, ya fi rabon data ga mutum ɗari araha, ya kuma fi daɗewa.

Akwai wata matsala da ba ta kuɗi ba. Yawancin masu fara darasi ta intanet ba sa kai shi ƙarshe, ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, saboda mutum shi kaɗai ne, in ya cije babu wanda zai tambaya, in ya daina babu wanda zai neme shi. Wata ƙungiya mai suna P2PU ta gwada magani da laburaren birnin Chicago a 2015: mutane kaɗan su riƙa haɗuwa a laburare sau ɗaya a mako suna bin darasi ɗaya tare, ma'aikaci yana kula da zaman ko da shi ba masanin fannin ba ne. Hukumar laburaren ƙasar Kenya ta ɗauki tsarin ta yi aiki da shi a rassanta. Mu wannan ba sabo ba ne gare mu, tsarin karatun zaure ne, inda ake zama da'ira, wanda ya riga ya gane ya jawo na baya, wanda bai zo ba a tambayi lafiyarsa. A irin wannan zama ne kuma ake rage nauyin Turanci, don ana kallon darasin da Turanci ana tattauna shi da Hausa.

Sai maganar aljihu, wadda ita ce mafi hatsari. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan Nijeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma Arewa maso Yamma ce ta fi kowane yanki yawan irin waɗannan. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya tura ɗimbin mutane buɗe asusu da dogaro da masu POS cikin gaggawa, ba tare da wani ya koya musu ko da abu ɗaya ba: cewa banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambar da aka turo ta saƙo, ko bayanan kati. Masu damfara sun san haka, kuma da Hausa mai daɗi suke kira. Shirye-shiryen ninka kuɗi ma ba su daina dawowa ba. MMM ta rufe asusun mutane a Disamban 2016, CBEX ta durƙushe a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a mai yawa, tsakaninsu kuma an yi wasu ƙanana da suka ci garuruwan Arewa, wasu har da rigar addini. Alhali hukumar SEC tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajistar karɓar jarin jama'a, dubawa ba ta cin minti biyar. Mutum nawa ne a kasuwar Jega ko ta Argungu suka san da wannan jeri? Nawa ne suka san cewa tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga mai asusu a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki, kuma kuɗin da aka zuba a wurin da ba shi da lasisi babu wannan kariya a kansa?

Haka manhajojin bashi na waya. A ce an ba mutum naira 50,000 ya mayar da 60,000 bayan wata guda. A ido dubu goma ce kawai. A lissafi kashi 20 cikin 100 ne a wata, wato 240 a shekara ko ba a ɗora ruwa kan ruwa ba. Wanda aka taɓa zama da shi aka yi wannan lissafi a kan takarda ba zai sake kallon irin wannan tayi da ido ɗaya ba. Hukumar FCCPC ta fara tilasta wa masu irin wannan bashi yin rajista a 2022, bayan koke-koken cin mutuncin da suke yi wa masu bashi ta hanyar aika saƙo ga 'yan uwansu. Sannan ga tambayar da ta fi damun mutanenmu, wadda littattafan kuɗi na Turai ba sa amsawa: halal ne ko haram? Da yawa sun ƙaurace wa banki ne don gudun kuɗin ruwa, ba don jahilci ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu bankunan marasa ruwa sun biyo baya, amma bambancin murabaha da rance mai ruwa yana buƙatar malamin fiƙihu da masanin banki su zauna a teburi ɗaya a yi musu tambayoyi. Haka lissafin nisabin zakka ga mai shago, da rubuta bashi da shaidu, da tsara adashi yadda ba zai watse da rigima ba. Laburare wuri ne da ba na wata ɗariƙa ko ƙungiya ko jam'iyya ba, don haka kowa zai iya zuwa irin wannan zama ba tare da an ce ya koma wani ɓangare ba.

A nan dole a ja layi. Ranar da ma'aikacin laburare ya fara cewa kai kuɗinka wuri kaza, ko wani banki ya kafa tebur a ciki yana buɗe asusu ana ba ma'aikata lada, amanar ta tafi, wurin ya zama wani shagon dillanci. Aikinsa ya nuna inda ake dubawa, ya karanta sharaɗi, ya taya lissafi, shawarar ƙarshe ta mai kuɗi ce. Kuma duk wanda zai ga lambar BVN da NIN da sirrin bashin mutane, sai an ɗaure shi da ƙa'ida mai tsanani, a kuma goge bayanan kowa daga kwamfuta da zarar ya tashi. A garin da kowa ya san kowa, magana ɗaya in ta fita ta isa ta hana mutane dawowa.

Mata fa? Da yawa daga masu sana'ar cikin gida ba za su zo ɗakin da maza suka cika ba, wasu ma ba sa fita sai da dalili. Nana Asma'u 'yar Shehu ta fuskanci wannan tun ƙarni na 19, ta horar da jajis suna zagaya ƙauyuka suna kai wa 'yan taru karatu har inda suke. Laburaren da ke son ya isa ga mai gumi da mai ƙuli-ƙuli sai ya sami ma'aikata mata, ya ware musu ranaku, ya kuma ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka da takardun lissafi ya bi su makarantun Islamiyya na matan aure, inda da ma suke taruwa. A yankin Volta na Ghana laburaren tafi-da-gidanka ya yi irin wannan da kwamfutoci masu cajin sola zuwa makarantun karkara, da tallafin ƙungiyar EIFL.

Za a ce ina kuɗin? Tambaya ce ta gaskiya a jihar da asibiti da makaranta da tsaro ke jiran nasu kaso. Amma abin da ake magana a kai ba katafaren gini ba ne. Mun saba da a gina, a yanke kyalle, a zuba kwamfutoci, bayan shekara batir ya mutu, kuɗin intanet ya ƙare, a rufe ɗakin. Kuɗin da ke raya irin wannan wuri shi ne na kullum: albashi da horon ma'aikaci, canjin batir, tawadar firinta, biyan intanet wata-wata. Asusun USPF na hukumar NCC an kafa shi ne don kai sadarwa inda kasuwa ba ta kai ba, kuma jiha na iya nema. Masana'antun shinkafar da ke sayen shanshera suna da moriya a manomin da ya iya lissafi. Attajirin da ke neman sadaka mai gudana zai iya yin waƙafin shago biyu, hayarsu ta riƙa biyan intanet da gyaran sola, masarautun Gwandu da Argungu kuma su tsaya a matsayin masu sa ido.

Akwai gyara ɗaya da ba ya buƙatar ko kwabo na gini, shi ne lokacin buɗewa. Laburaren da ke bin agogon ma'aikatan gwamnati, a buɗe da safe a rufe da la'asar, a kulle Asabar da Lahadi, yana rufewa ne daidai lokacin da tela da makanike da manomin da ya dawo daga fadama suka sami sarari. A raba ma'aikata kashi biyu, wasu su kama daga la'asar zuwa bayan isha'i, a buɗe a ƙarshen mako, a kuma kai tebur kasuwa ranar da take ci. Rahoton shekara na hukumar laburare ta jiha shi ma ya canza abin da yake ƙirgawa: ban da yawan littattafai da masu shiga, a rubuta sana'a nawa aka yi wa rajista a farashin hukuma, mutum nawa suka kammala darasin da suka fara, da mata nawa ke riƙe da littafin lissafi bayan wata shida. Da irin waɗannan alƙaluma ne shugaban hukuma zai iya tsayawa gaban Majalisar Dokokin Jiha lokacin kare kasafi ya nemi ƙari.